An Raba Goro Kafin Gwaji Ya Ƙare

Aikina a ƙungiyarmu shi ne ɓata wa mutane rai. Ba haka aka kira shi ba ranar da aka ba ni, amma abin da ya zama ke nan. Mu 'yan tsiraru ne, wasu a Gazawa, wasu a Cadawa, shugabanmu a Tibiri. Akwai wata manhaja da mutane daga ƙasashe daban-daban suka haɗu suka gina, suka bar ta a buɗe, kowa ya duba cikinta, ya gyara, ya raba kyauta. Aikinta ta sa kwamfuta ta ɗauki wata kwamfutar a cikinta, tsohuwa a cikin sabuwa, kowace da nata tsarin. Mu goyo muke ce wa abin, ta waje ita ce uwa, ta ciki ɗan goyo. Mukan ɗauko manhajar mu rage mata nauyi yadda za ta iya tafiya a kan irin kwamfutocin da ke iso mana, waɗanda wasu suka gaji da su can suka turo, sannan mu raba wa makarantu da masu shaguna.

Duk lokacin da aka taɓa manhajar, gyara ne ko ƙari, ni ne mai komawa baya in gwada duk abin da yake aiki jiya, in ga ko yau ma yana yi. Gwajin baya muke kiransa. Kowane gwaji yana da ɗan gidansa a allo, in ya wuce lafiya ya yi kore, in wani abu ya karye ya yi ja. Masu ƙara sabon abu su ake tafa wa. Ni kuwa kullum ni ke kawo labarin cewa garin gyaran gira an tsone ido, shi ya sa in aka ga saƙona a waya ba a saurin buɗewa.

Cikin gwaje-gwajen akwai guda da ba a zaune nake yin sa ba, sai na taka zuwa shagon kawuna, yayan mahaifiyata, tela ne a bakin kasuwar Gazawa. Yana da wani tsohon injin surfani da ya sayo daga ƙetaren iyaka, kwamfuta ce ke aika masa da zane ta waya, shi kuma ya zuba shi a wuyan riga. Manhajar da ke tuƙa injin ta tsufa tukuf, waɗanda suka yi ta sun daɗe da rufe ƙofa, kuma ba ta tashi sai a kan tsarin zamaninta. Ni na ɗaura masa goyo, na zuba tsohon tsarin da manhajar da duk zanen da ya tara a cikin ɗan goyon, abin ya zauna daram. Idon Kawu ya yi rauni, zare ma sai ya lalubi kafar allura, surfanin hannu kuwa ya bar shi tuntuni. Da injin nan yake ganin aikinsa.

Mutanen Gazawa suna tsokanarsa cewa bai cika tela ba, tunda bai iya ƙarya ba. In ya ce ka zo jajibere, ka zo, rigarka tana ninke tana jiranka. Tun ina yaro nake jin ana faɗin haka, kuma shi kansa ba ya alfahari da komai sai wannan. A azumin da nake ba da labari, shaddoji da yadiddika sun cika bayan shagon har sun kusa taɓa kwano, kowane ƙulli da alkawarinsa na Sallah.

Yadda muka saba, ba a sa ranar sakin sabon zubi na manhajar sai an bi matakai. A fara tsayar da hannu, kowa ya daina ƙari, ni in gwada, a gyara abin da ya yi ja, in sake gwadawa tun daga farko, sai allo ya yi kore gaba ɗaya sannan a ce ga rana. A shekarar nan aka juya abin. Wani abokin aikinmu na Cadawa ya yi ƙoƙari ya mayar da duk rubutun manhajar zuwa Hausa, aiki mai kyau ƙwarai, ban taɓa musun haka ba. Sai dai ya ɗora shi a kan wani zubi da su kansu masu manhajar suka rubuta ɓaro-ɓaro cewa bai nuna ba, na gwaji ne. Shugaba ya ga Hausa a allo, ransa ya yi fari, ya yanke ranar saki a cikin goman ƙarshe na azumi, lokacin da 'yan gari na Yamai da na ƙetare suke dawowa gida. Ni mai gwajin ban ji ranar a taro ba. Wani ɗan kabu-kabu ne ya kawo mini goro a ƙunshin ganye ya ce daga Tibiri, ana gayyatata bikin sakin sabon zubi, za a sha ruwa tare.

Na ajiye goron na ɗauki kwamfutar ƙungiya ta hannu, wadda nake aiki da ita. A cikinta nake adana kwafin goyon Kawu saboda ɓacin rana. Na sake kwafar wani daban don gwaji, na buɗe shi da sabon zubin, na tafi shago na jona wayar injin. Kawu ya ba ni ƙyallen da ya rage daga wani ɗinki muka ɗaura. Injin ya kama zanen aska da kyau, har na fara jin kunyar zargin da nake yi. Yana kaiwa tsakiya sai ya tsaya cik, ya yi ɗan shiru, sannan allurar ta dinga sara wuri ɗaya har ta huda ƙyallen. Na sake da wani ƙyallen, haka. Na canza waya, na canza zane, duk kanwar ja ce. Sabon zubin yana yanke maganar da ke tsakanin ɗan goyo da injin in zane ya yi tsawo. Da na ce bari in mayar da kwafin gwajin kan tsohon zubi, sai ya ƙi buɗewa sam. Ashe duk goyon da sabon ya taɓa sai ya sake masa kama, tsohon ba ya ƙara gane shi.

Kawu yana kallona ta saman tabarau ya ce, "Mi ya hwaru, ɗan nan? Na ga ka ɓata rai."

Na ce, "Ba komi, Kawu. Naka dai kada kowa shi taɓa shi, ko ni na zo na ce a taɓa, ka kore ni."

Ya yi dariya ya ce ai korata ba wuya ce da ita ba, ya mayar da wayar kan tasa kwamfutar ya ci gaba da aiki.

Washegari na hau mota na bi ta Cadawa da Maraɗi har Tibiri, da bakin azumi, rana kamar ta sauko ƙasa. Shugabanmu ɗan babban gida ne, mai fara'a, mai kyauta, ba ya iya ganin baƙo bai tashi tsaye ba. Wannan halin nasa ne ya sa rigima da shi ke da wuya, don kana cikin masifa yana gyara maka matashi. A zaurensu na same shi da mutumin Cadawa, na buɗe allo na nuna musu gidan da ya yi ja, na ciro ƙyallayen da suka huje na shimfiɗa a tabarma. Na ce a ɗaga ranar zuwa bayan Sallah, ko kuwa a yi taron a nuna Hausar a allo kawai, kada a sa wa kowa.

Shugaba ya juya ƙyallen a hannunsa ya ce, "Malam, aikinka ya yi kyau, Allah shi saka. Amma goro ya riga ya tahi. Mun kai gidan mai gari, mun kai ma liman, mun aika ma malaman makarantun lakol. Mi za ni ce musu? Rana ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya, ni ko ba ni son jin kunyag ga."

Na ce, "Ranka shi daɗe, da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Ya ce, "To injin nawa a yankin nan irin na kawunka? Guda na. Saboda guda za mu tsai da jama'a?"

Na ce guda ɗin muka sani, ba mu san waɗanda ba mu gwada ba. Akwai masu injin buga takarda, akwai masu na'urorin da ke jone da waya irin wannan, duk hanyar ɗaya ce. Ina cikin magana mutumin Cadawa ya jawo kwamfutar gabansa a hankali, ya ɗan yi danne-danne, ya juyo mana da ita. Allo ya yi kore shar daga sama har ƙasa. Na ce me ka gyara? Ya ce bai gyara komai ba, ya dai cire gwajin daga layi, bai goge shi ba, kwantar da shi ya yi sai bayan Sallah. Shugaba ya ce alhamdu lillahi, ga shi nan duka ya yi kore.

Na daɗe ina ganin rashin kunya iri-iri, amma wannan ta tsaya mini a wuya. Mutum ya share ɗaki ya tura sharar ƙarƙashin tabarma, sannan ya kira ka ka yaba tsabta, alhali a gabanka ya tura. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba wanda yake jin ya yi ƙarya a cikinsu. Da gaske suka ji sanyi da suka ga koren. Ni da na ɓata shekaru ina koya musu cewa kore shi ne lafiya, ga shi sun haddace karatun sarai, sun bar ma'anar a ƙofa.

Da zan tashi shugaba ya ce in bar kwamfutar, ta ƙungiya ce, da ita za a yi nuni ranar taro. Na ce akwai ajiyar goyon kawuna a ciki. Ya ce ba mai taɓawa, har ya dafa ƙirji. Ya rako ni har bakin hanya, ya tsayar mini da mota da kansa.

Ina komawa Gazawa na tarar goro ya riga ni shagon Kawu, nasa ma ƙunshi na musamman, fari manya-manya. Kawu shi ya yi wa mahaifin shugaba ɗinki har ya rasu, don haka saƙon ya zo da girmamawa. An ce shi ne dattijon masu amfani da manhajar, za a aiko da mota, kuma ya taho da kwamfutarsa jama'a su ga ikon Allah. Na ce, "Kawu, ka tahi, amma ka bar ta nan."

Ya ce, "Mutum shi aiko maka da goro, shi ce ka zo da abu, kai kuma ka tahi hannu biyu? Gani kawai za su yi. Ido na cin ordinatar?"

Ordinatar yake ce wa kwamfuta. Na san ba zan iya da shi ba, sai na nemi wata dabara. Goyon nasa ya yi girma, ba ni da abin da zai ɗauke shi, amma akwai wani abokina a Agiye mai faifan ajiya babba. Ranar taron na yi sammako a kan moto, wato babur ɗina, na je na aro, da niyyar in kwafe komai kafin motar ta iso da azahar kamar yadda aka ce. Ina dawowa da hantsi na tarar da shago a rufe. Maƙwabcinsa mai sayar da robobi ya ce ai motar ta zo tun da safe, direban ya ce yana da wasu baƙi da zai kwasa a hanya.

Na isa Tibiri bayan la'asar, duk na yi futu-futu. An kafa rumfa, an jera kujeru, an sa Kawu a sahun gaba cikin farar rigarsa, kwamfutarsa tana kan tebur an shimfiɗa mata zane kamar amarya. Kusa da ita ga ta ƙungiya a buɗe, Hausa tana walƙiya a allonta. Kallo ɗaya na yi mata na gane an cire mata tsohon an zuba sabon zubi, an kuma buɗe ajiyar Kawu da shi don a sami abin nunawa. Ba mai taɓawa ɗin ke nan.

Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Sannan shugaba ya miƙe ya ce a al'adarmu ba a fara cin sabon hatsi sai babba ya ɗanɗana, don haka kwamfutar farko da za a sa wa sabon zubi a duk yankin nan ita ce ta wannan dattijo, uban kowa, wanda ya riƙe amanar gidansu tun zamanin mahaifinsa. Wuri ya ɗauki tafi. Mutumin Cadawa ya matsa wajen tebur.

Na tashi daga baya na ce a dakata. Muryata ta fita da ƙarfi fiye da yadda na so. Na ce abin nan zai kashe injin, na gwada na gani, shi ma mai sawar ya sani. Kowa ya waiwayo. Wani ya ce azumi ne ke cinsa, a yi masa uzuri, an kusa shan ruwa, aka yi dariya. Shugaba ya yi murmushi ya ce, "Malam mai gwaji ke nan, shi ko ruwan rijiya bai sha sai ya gwada." Aka ƙara dariya. Ban damu da dariyarsu ba, Kawu nake kallo, don kalma ɗaya daga bakinsa ta isa. Ya ji abin da na faɗa, ya ga ƙyallayen nan da idonsa ranar da suka huje, na ga hannunsa yana murza carbi da sauri. Amma ga mai gari, ga liman, ga ɗan tsohon mai gidansa ya kira shi uba a bainar jama'a. Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Zamna, ɗan nan. Ba a yi ma mutane haka."

Na zauna. Aka danna, aka jira, allo ya kawo gaisuwa da Hausa, mata suka rangaɗa guɗa daga bayan rumfa. Da aka kira salla aka kawo kunu da ƙosai da dabino, ni ruwa kawai na sha.

Kashegari da safe na riga shi zuwa shago. Na roƙe shi kada ya ɗaura kayan kowa, muka sa ƙyalle. Injin ya kama, ya kai tsakiya, ya tsaya, ya sara har ya huda. Kawu ya ce a sake, aka sake. Ya ce ko dai zafi ne, a bari ya huce, aka bari ya huce, duk ɗaya.

Ba irin dabarar da ban yi ba a kwanakin da suka rage. Na mayar da tsohon zubi, ya ƙi karɓar goyon. Na gwada datsa zane gunduwa-gunduwa don ya wuce kafin maganar ta yanke, mahaɗin ya fito a karkace, ba rigar da za a sa wa wannan. Na rubuta wa masu manhajar can, suka amsa da ladabi, suka gode da rahoton, suka ce sun gano inda abin yake kuma gyaran zai shiga zubi na gaba. Ɗaya ya tambaya, ba da mugun nufi ba, me ya sa aka sa zubin gwaji a kan kwamfutar aiki. Na rasa yadda zan bayyana masa goro. Na kira shugaba, ya yi salati, ya jajanta ƙwarai, ya ce lallai bayan Sallah za a zauna a duba. Ya ƙara da cewa taro dai ya yi kyau, kowa yana yabawa.

Kawu ya ɗinke duk rigunan da keken ƙafa, ɗinki tsaf, sai dai wuya da aljihu fayau ba ko ɗigon zare. Ya gwada ɗaukar allura ya yi na hannu a kan rigar wani ɗan uwansa, na ga yana kai yadin har kusa da hancinsa, daga baya ya warware abin da ya yi ya ninke rigar. Na ce a kira masu kayan a waya su zo su karɓa. Ya ce a'a, wanda ya saɓa alkawari shi ke zuwa, ba a kiran mutane su tako su tarar da kunyarka. Ya ce kuma gara a kai musu tun da sauran kwana, ko wani zai sami mai yi masa a wani wuri.

Haka na goya shi a moto, ƙulli a gabana, ƙulli a cinyarsa, muka dinga bin gidaje. A kowace ƙofa sai ya sauka, ya yi sallama, ya cire takalmi ko da a kan turɓaya ne, ya miƙa kaya da hannu biyu ya ce, "Ban cika ba, a yahe mini." Bai ambaci inji ba, bai ambaci Tibiri ba. Da na buɗe baki a wani gida zan faɗi yadda aka yi, sai ya taka mini ƙafa. Wasu suka ce ba komai, Allah ya kiyaye gaba. Wata mata ta yi ta faɗa ta bayan labule, ta ce 'ya'yanta da me za su fita, kuma gaskiyarta ce. Wani matashi ya ce ashe dai tela tela ne, ya yi dariya, yana ganin wasa yake yi.

Gida na ƙarshe na wani tsohon ɗan kasuwa ne, sa'an Kawu, tare suka tashi. Ya fito ya karɓi ƙullin, ya buɗe, ya shafa wuyan rigar da babu komai a kai. Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Ai tsuhwa ce, malam, duk tana jiranmu. Ka huta haka nan." Ya juya ya kira wani daga cikin gida ya ce a kai wa sabon telan bakin tasha tun aiki bai yi masa yawa ba.

Kawu ya hau bayana, ba sauran kaya a hannunsa, sai ya riƙe kafaɗata. Hanyar gida ta cikin kasuwa take, ta gaban shagonsa, kuma lokacin ne ake cika, kowa ya fito sayayyar Sallah. Na tada moto na karkata wajen, sai na ji ya matse mini kafaɗa.

Ya ce, "Bi da ni ta bayan gari, ɗan nan."